Daga Dodon Bango zuwa Dodon Koriya

A ranar 2 ga Disamba, 2016, tashar talabijin ta tvN a Koriya ta Kudu ta fara nuna wani wasan kwaikwayo mai kashi goma sha shida, wanda mutanen ƙasar ke kira Dokkaebi, sauran duniya kuma ta san shi da Goblin. Marubuciya Kim Eun-sook ce ta tsara labarin. Wani sarkin yaƙi ne mai suna Kim Shin, a zamanin daular Goriyo, ya yi ta ciyo wa ubangidansa yaƙi har sunansa ya rufe na sarkin a bakin talakawa. Wani bafade ya hure wa yaron sarki kunne, aka harbe sarauniya, wadda ƙanwar Kim Shin ce, shi kuma aka soke shi da takobinsa. Sai dai bai kwanta dama ba. Saboda yawan jinin da ya zubar a fagen fama aka ɗora masa rayuwar da ba ta ƙarewa, takobin na nan kafe a ƙirjinsa, ba mai iya zare shi sai amaryar da aka ƙaddara masa, ranar da ta zare kuwa ran nan zai huta. Lokacin da muka riske shi a birnin Seoul na yau shekarunsa 939, yana zaune gida ɗaya da wani manzon mutuwa, wato ma'aikacin da ke raka rayuka lahira, wanda ya manta ko shi wane ne a da. Wanda bai kalla ba ya gafarce ni: manzon nan shi ne sarkin da ya sa aka kashe shi, mai sayar da soyayyun kajin da manzon ya kamu da sonta kuwa ita ce sarauniyar, an sake haihuwarta a wani zamani.

Irin wannan labari ba ya jiran eriya ko wutar NEPA kafin ya isa wuri kamar Shanono, can arewa maso yammacin Kano a kan iyaka da Katsina, ƙasar gero da dawa da gyaɗa, inda gona ke jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. Wani zai sauke shi daga intanet, ya shiga kwamfutar mai shagon caji, a tura wa mai so a katin waya kan kuɗi kaɗan, daga nan waya ta ba waya. Tambayar da iyaye da malamai ke yi ita ce: yarinyar da ta tashi da Ƙawa'idi da Ahalari, me za ta kwasa daga wasan da mutum ke mutuwa ya dawo a wani jiki? Tambaya ce mai nauyi. Amma ta girmi wayar da ake kallon da ita, domin ƙasar Kano ta shafe kusan shekara saba'in tana kallon waɗanda suka mutu suka dawo, kuma abin da ya faru a tsawon wannan lokaci yana nuna cewa ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mutumin karkara da majigi ya fara. Motar gwamnatin Turawa ce ke zuwa garin hakimi, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna yadda ake noman auduga da tsabtace rijiya. Sinima kuwa abin birni ce, kuma sunan da Kanawa suka fara ba ta shi ne dodon bango. An buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, jama'a da dama suka ɗauki abin a matsayin hukunci a kan masu zuwa kallon hotunan da ke motsi kamar masu rai. Da aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni, sai da aka yi rigima. Tun ran farko ke nan allon kallo da tsoron gaibu suka taso tare.

A cikin shekarun 1950 Kwarori 'yan Labanan masu gidajen sinima suka soma shigo da finafinan Indiya, suka ga kasuwar da ba su zata ba. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya tarar har lokacin Mother India na 1957 yana cika sinima, 'yan kallo kuma sun raɗa wa taurarin sunayen gida: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirga finafinan Indiya fiye da dubu ɗaya da NTA Kano kaɗai ta nuna tsakanin 1977 da 2003. Zuwa karkara kuwa, ɗan cirani ne ya fara kai su a baki, ya dawo da damina ya ba abokai labari a dandali, kafin kaset ɗin bidiyo da janareta su kafa gidan kallo a kusan kowane babban ƙauye.

To, masana'antar Bombay tun fil azal tana son jigon dawowar rai. Da shi aka gina Madhumati a 1958, da Milan a 1967, da Karz a 1980, da Om Shanti Om a 2007. Wanda ya fi zama a zukatan waɗanda suka girma a shekarun 1990 shi ne Karan Arjun na 1995: wani azzalumi ya kashe 'yan'uwa biyu saboda gado, uwarsu ta je gaban gunkin Kali ta yi kuka, aka sake haihuwarsu a gidaje daban-daban, suka girma suka dawo garin suka ɗauki fansa. Ga gunki, ga roƙonsa, ga amsa roƙon, duk a fili. An kalle shi a Fagge, an kalle shi a ƙauye, an haddace waƙoƙinsa. Abin da mai kallo ya tafi gida da shi shi ne haƙurin uwa, da cin amanar zumunci a kan dukiya, da abin da kakanninsa suka riga suka faɗa masa, cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Wani zai ce ina na san abin da ke zuciyar mai kallo? Hujjar tana cikin abin da Hausawa suka ƙera da hannunsu bayan sun gama kallon. Masu bandiri, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya a Kano, suka ɗauki karin waƙoƙin finafinan suka zubar da kalmomin, suka ɗora begen Annabi a kai. Marubutan littattafan soyayya suka ɗauki rikicin auren dole da na maza biyu a kan mace ɗaya. Finafinan Hausa, daga Turmin Danya na 1990 zuwa gaba, suka ɗauki rawa da waƙa da sutura, wani lokaci ma labari sukutum, kamar yadda Khusufi ya bi sawun Taal. An zage su a kan wannan kwaikwayo har an gaji. Amma da wuya mutum ya nuna fitaccen fim ɗin Hausa da jaruminsa ya mutu aka sake haihuwarsa. Inda ɗan Indiya zai dawo da mamaci, Bahaushe sai ya kawo tagwaye, ko mai kama da shi, ko mafarki, ko ɗan da ya girma ya nemi haƙƙin ubansa. Kuma ba tsoron hukuma ya sa haka ba, domin sai a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, shekara goma sha ɗaya bayan Turmin Danya. Rariyar tana cikin kan masu shiryawa da masu kallo tun kafin a ba kowa ofis.

Dalilin a bayyane yake. Malamai na kiran wannan aƙida tanasuhi, kuma sun san ta tun da daɗewa. Al-Biruni, a littafin da ya rubuta kan Indiya wajen shekarar 1030, ya nuna cewa matsayinta a addinin Hindu kamar matsayin kalmar shahada ne a wurin Musulmi. Suratul Mu'minuna ta ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa ya roƙi a mayar da shi duniya ya gyara, aka ƙi, aka ce akwai shamaki har ranar tashi. Yaron da ya yi makarantar allo, ya ji waƙoƙin wa'azi a bakin makafi da tsofaffi, ya san jerin tun bai san hannun damansa ba: mutuwa ɗaya, kabari, tambaya, barzahu, tashin ƙiyama. A wurinsa dawowar rai tatsuniya ce tsantsa, abin da ba ya yiwuwa kuwa ba ya razana kowa.

Duk da haka, kada mu yi saurin cewa ƙasar Hausa ba ta taɓa sanin mai dawowa ba. Akwai ɗan wabi. Asalin kalmar daga itace take, 'ya'yan da ke zubewa tun ba su nuna ba, aka ara wa matar da 'ya'yanta ke mutuwa a jere suna ƙanana. Tsohon tunani shi ne yaro ɗaya ne ke wasa da uwar, ya zo ya koma, ya sake zuwa. Don haka aka yi dabarun tsare shi. A kai jariri juji a ajiye kamar ba a so, wata ta tsinto shi, a kira shi Ajuji. A sa masa Ayashe, ko Abarshi, ko Mantau, ko a yi kamar an sayar da shi a ce Bawa, duk don abin da ke ɗauke shi ya ga ba shi da daraja ya ƙyale. Ana ba da labarin gidajen da kan yi wa gawar jaririn 'yar alama a kunne, don in ya dawo a gane shi. Yarbawa na da abiku, Ibo na da ogbanje. Yau likita zai ce amosanin jini ne, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙyanda, ko tamowa, kuma gaskiyarsa. Amma sunayen suna nan, har a kan manyan mutane da ba su taɓa tambayar inda aka samo su ba, musamman a karkarar yammacin Kano inda gidajen Maguzawa suka daɗe suna maƙwabtaka da Musulmi. A irin waɗannan ƙauyuka na ƙasar Kano ne Joseph Greenberg ya zauna a 1938 da 1939, ya rubuta littafinsa kan yadda Musulunci ya shiga addinin gargajiyar Hausawa.

Abin mamaki, Koriyawa sun yi wannan dabara sak. Suna ba jariri mummunan sunan yarinta don mutuwa ta raina shi, mafi shahara shi ne Gaettong, ma'ana kashin kare, har ana cewa Sarki Gojong ya amsa wannan suna yana yaro. Suna bikin cikar jariri kwana ɗari, suna babban biki in ya shekara, domin a da ba kowane yaro ke kaiwa ba. Uwa a Joson da uwa a Shanono ba su taɓa jin labarin juna ba, rashin 'ya'ya ne ya koya musu darasi ɗaya.

Ita kanta Koriya ba ƙasar masu imani da tanasuhi ba ce yadda mai kallo zai zata. Addinin Buddha ya shiga masarautar Goguryeo, ta su Jumong, a shekarar 372, ya zama addinin fada a daular Goriyo daga 918 zuwa 1392, daular da sunan Koriya ya samo asali daga gare ta. Da daular Joson ta karɓi mulki a 1392 sai ta rungumi koyarwar Konfushiyas, ta rage gidajen ibadar Buddha, ta kora su kan duwatsu, daga baya ma ta hana malamansu shiga babban birni har zuwa 1895. Masu hawan iska, waɗanda ake kira mudang, galibinsu mata, aka jefa su a ƙasan jerin mutane. Mai sha'awar daidaita zamani zai lura cewa Tarihin Kano ya sa zuwan Wangarawa da Musulunci fada a mulkin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, wato a ƙarni ɗaya fadojin biyu suka juya wa tsohon abin bautarsu baya. A shekarun 1970 gwamnatin Park Chung-hee, cikin shirinta na sabunta ƙauyuka, ta bi tana rushe wuraren tsafin gargajiya da sunan yaƙi da camfi. A ƙidayar 2015 kusan kashi 56 cikin ɗari na mutanen Koriya ta Kudu sun ce ba su da addini, Kiristoci sun haura kashi 27, mabiya Buddha ba su kai kashi 16 ba.

Sai dai abin da ya bar gidan ibada bai bar harshe ba. In mutum ya yi dace da mata ko aiki, Bakoriye zai ce lallai ya ceci ƙasa a rayuwarsa ta baya. Suna da kalmar inyeon, igiyar da ke haɗa mutum biyu tun daga wata rayuwa. Iyalai da yawa na yi wa mamaci addu'ar kwana 49, wa'adin da addinin Buddha ya ce rai kan yi kafin a yanke inda zai nufa, abin da zai tuna wa Bahaushe sadakar arba'in ko da ma'anar ta bambanta. Saboda haka idan Kim Eun-sook ta sa manzon mutuwa ya miƙa wa mamaci shayin da zai mantar da shi duniya, ko ta ce mutum rayuwa huɗu gare shi, ta shuka da ta ban ruwa da ta girbi da ta cin amfanin, tana taɓa wani abu da mai kallonta bai yarda da shi ba gaba ɗaya, bai kuma ƙaryata shi gaba ɗaya ba.

Dokkaebi kuwa a can abin yara ne. A tatsuniyoyinsu yana fitowa daga tsohon kayan gida da aka yar, kamar tsintsiyar da jini ya taɓa. Yana son kokawa, yana tsoron jinin doki, yana da kulkin da in ya buga zinariya ta zubo, kuma mai wayo yakan yaudare shi. Duk wanda ya ji yadda Gizo ke yi da Dodo ya san irinsa. Ba wanda ke kwana da fargabarsa a Seoul, shi ya sa marubuciya ta iya sa masa doguwar kwat mai tsada ta mai da shi saurayi.

A Shanono ma'aunin a kife yake. Rayuwar baya ita ce tatsuniya, halittar ɓoye mai son 'yar mutum kuwa magana ce ta yau da gobe. Aljanu suna cikin Alƙur'ani, da sura guda da sunansu. Namijin dare, ko jinnul ashiƙ a bakin masu ruƙiya, shi ake ɗora wa laifi idan budurwa ta daɗe manema na zuwa suna gudu, ko mace ta yi ta ɓari. Bori ma yana da birninsa, Jangare, wanda Fremont Besmer ya zayyana gidajensa goma sha biyu bayan bincikensa a Kano, da Sarkin Aljan Sulemanu da Ɗan Galadima da Inna da Sarkin Rafi. Hanyar shigarsa kuma ta yi kama da ta mudang har abin ya ba da mamaki: rashin lafiyar da ta gagari magani, sannan girka, sannan mai ciwon ta zama mai ba da magani. A ƙarshen 1995, lokacin da ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandaren Kano suka kama faɗuwa da ihu, abin da aka kira Sumbuka, masu bincike irin su Conerly Casey da Susan O'Brien sun rubuta yadda aka fassara shi da shafar aljanu, har masu gani suna cewa rawar da yaran ke yi irin ta finafinan Indiya ce, da kuma yadda ruƙiya ta bunƙasa daga nan. Wannan shi ne wuri ɗaya da na sani inda allon kallo da gaibu suka haɗu a jikin mutane a Kano, kuma ba ta ƙofar tanasuhi suka haɗu ba.

Don haka a ganina mai tsoron Goblin saboda sarauniyar da aka sake haifa yana gadin ƙofar da ba a taɓa shigowa ta cikinta ba. Abin da ya cancanci a zauna a yi magana da yarinya a kansa shi ne Ji Eun-tak, marainiyar da ke ganin fatalwa, wadda gwaggonta ke zalunta, wadda mafitarta kaɗai ita ce wani mai dukiya marar mutuwa da ke bayyana duk lokacin da ta hure wuta. Wasan ya mai da zama amaryar halittar ɓoye abin sha'awa, a garin da ake kai 'yan mata wurin malami saboda wannan zargi. (A Koriya abin da aka fi sukar wasan da shi daban ne: yarinyar 'yar makarantar sakandare ce, shi kuwa a siffar magidanci yake. Kowace ƙasa da inda ƙaya ke sukarta.)

Wannan bambanci ne kuma ya sa kiran da ake yawan yi, cewa mu ma mu sayar wa duniya da aljanunmu kamar yadda Koriya ta yi, ya fi sauƙi a baki. Gaskiya ne a 1994 wani kwamitin masu ba Shugaba Kim Young-sam shawara ya nuna masa cewa kuɗin da fim ɗin Jurassic Park ya kawo ya kai na sayar da motocin Hyundai miliyan ɗaya da rabi, kuma gwamnatin Kim Dae-jung ta zuba jari a harkar al'adu bayan karayar tattalin arzikin 1997. Gaskiya ne sun yi wa wasu bukukuwan mudang rajista a matsayin kayan tarihin ƙasa, har UNESCO ta amince da na tsibirin Jeju a 2009. Amma sai da abin ya huce tukuna aka iya ɗaukarsa da hannu. Marubutan Hausa sun daɗe da sanin iyakar. Aljanun Ruwan Bagaja da na Ganɗoki, littattafan da suka fito daga gasar 1933, na hikaya ne, danginsu a Dare Dubu da Ɗaya suke, ba a Jangare ba. Daskin da Riɗi, da aka mai da shi fim, daga tatsuniya aka ɗauko shi. Ɗan Galadima yana da duk abin da ake nema a tauraron wasa, ɗan sarki ne, kyakkyawa, mai caca, mai kyauta, amma wanda ya sa shi jarumin soyayya a Kano zai amsa tambayoyi a gaban hukuma da malamai, wataƙila har da 'yan bori.

Tun farkon shekarun 2010 masu fassara irin su Algaita suka sa finafinan ƙetare magana da Hausa, aka cire shingen Turanci da ya hana mutanen karkara bin dogon labari. Duk wanda ya zauna zai sa wa Goblin murya, kalma biyu za su tsayar da shi. Ta farko manzon mutuwa: ba zai ce Mala'ikan Mutuwa ba, don wannan ma'aikaci ne mai baƙar hula da takardun aiki, mai laifin da yake biya, mai kuka idan ya ga budurwa. Ta biyu sunan wasan kansa. In ya ce fatalwa ya yi kuskure, don Kim Shin yana ci yana sha. In ya ce dodo ya yi daidai da asalin kalmar, amma ba budurwar da za ta so dodo, labarin ya rushe. Saura aljani, kuma ina kyautata zaton ita zai ɗauka, don ita ce za ta sayar. Da wannan zaɓi ɗaya wasan da aka rubuta a Seoul a kan tsohuwar tsintsiya zai isa Shanono da sunan labarin aljanin da ya auri 'yar makaranta.